Kada Murya Ta Rabu da Mai Ita

Jama'a masu saurarenmu a Isa da Sabon Birni da Gatawa da ƙauyukan bakin Gulbin Rima, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka a Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi, barkanmu da war haka.

Yau maganar kasakasan bidiyo za mu yi, waɗannan da ke jibge cikin akwatuna da ƙarƙashin gado a gidajenmu. Tun wajejen 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kyamarar bidiyo ta fara yawaita a ƙasar Hausa, kuma ba a jima ba ta iso mana nan. Duk wanda ya kai shekara 40 zai tuna mai ɗaukar bidiyo da ƙatuwar Panasonic a kafaɗa, yaronsa na biye da shi riƙe da fitila yana jan waya. Sun ɗauki naɗin sarauta da hawan sallah da saukar karatu, sun ɗauki dambe da kokawa bayan kaka, sun ɗauki ɗaurin aure da ziyarar da Gobirawa kan kai kufan Alƙalawa. Da farko a babban kaset na VHS, daga baya Hi8, daga baya kuma ƙaramin nan na MiniDV. Kasakasan suna nan, na'urorin kallonsu ne suka ƙare. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016. Shi ya sa yanzu mutane ke kwasar kasakasansu zuwa shagunan kwamfuta a Sakkwato ko Maraɗi, a juye musu cikin filashi ko waya.

To, ga abin da ke faruwa. An karɓo aiki, an taru a tsakar gida za a ga marigayi baba ranar da ya aurar da 'yarsa. Minti biyar na farko lafiya lau. Da aka yi rabin awa, sai ka ga bakinsa ya rufe amma muryar ba ta gama ba. Can wajen ƙarshe, liman ya shafa, jama'a sun miƙe suna neman takalmansu, amma kunne na jin ana tsakiyar addu'a ana ta amsa amin. Inna ta kawar da kai, ta ce a kashe.

Idan aka mayar da aikin shago, maganin da wasu ƙannenmu ke yi shi ne abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Sai su kashe muryar gaba ɗaya, su ɗora waƙar zamani a kai, su ce ai ya fi daɗin kallo. Ƙannena, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da kuka goge shi ne dukiyar da ke cikin kaset ɗin: nasihar tsoho, kirarin da maroƙi ya jero har kaka na bakwai, Gobircin da kakanninmu ke yi wanda yaranmu da suka tashi a birni ba su iya ba. Hoton rawani da doki ana samunsa ko'ina. Muryar mutumin da ya riga mu gidan gaskiya kuwa, in ta tafi ta tafi.

Mu a ƙasar nan ya kamata mu fi kowa sanin haka. Alƙalawa, birnin Babari da Bawa Jan Gwarzo, ta faɗi a 1808, kuma yawancin abin da talakan Gobir ya sani game da ita daga bakin dattawa ya ji shi. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da yawanmu ta kunne kawai muka san shi, a rediyo da kaset. Yaron da ke son sanin yadda hannu ke sauka a kan kotso a daidai gaɓar waƙa, murya kaɗai ba za ta koya masa ba. Makaɗan da suka zo daga baya an yi sa'a an ɗauke su hoto da sauti tare. Amma in sautin ya zame ko da sulusin sakan ne, sai yaro ya ga hannu a sama alhali kunnensa na jin bugu, ya koyi kiɗan da babu wanda ya taɓa yi.

Ga kuma halin da muke ciki. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga, ƙauyuka sun watse, wanda ke gudun ransa kuwa ba ya tsayawa ɗaukar akwatin kaset. A watan Agusta na 2024 muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, Allah ya jiƙansa da rahama. Bidiyon da azzalumai suka ɗauke shi yana hannunsu ya zagaya duniya cikin wayoyi. Bai kamata a ce da wannan hoton jikokinmu za su san shi ba. Duk mai kaset da ya nuna shi zaune a fada cikin mutuncinsa yana magana da jama'arsa, to amana ce a hannunsa, kuma haƙƙi ne a juye ta yadda baki da murya za su tafi tare. A zamanin nan da ake haɗa muryar ƙarya da kwamfuta, da zarar mutane sun ga leɓe bai dace da magana ba sai su ce haɗi ne. Kaset na gaskiya da aka juye da ganganci sai ya rasa shaidarsa.

Me ke kawo wannan saɓani? A cikin kwamfuta hoto da sauti abu biyu ne, kowane da agogonsa. Bidiyo irin namu na Najeriya, tsarin PAL, hotuna 25 ne ke wucewa a kowane sakan. Sauti kuwa na'ura na auna shi sau 48,000 a sakan, ta rubuta. Muddin lissafin nan biyu ya tafi daidai, ba ka jin komai. Ku ɗauka mutum biyu ne suka tashi daga Isa a ƙasa za su Sabon Birni. Mai yiwuwa ɗaya ya riga fita da taku goma, tafiyarsu kuma iri ɗaya, to taku goman nan ne tsakaninsu har su isa. Mai yiwuwa tare suka fita amma takun ɗaya ya ɗara na ɗan uwansa da faɗin yatsa. A bakin gari ba ka ganewa, sai an yi nisa ka ga ɗaya ya ɓace wa ɗaya. Mai yiwuwa kuma takunsu ɗaya, sai dai ɗayan kan tsaya cire ƙaya jefi-jefi. Cuta uku ke nan, kowace da maganinta, kuma mai shagon da bai tsaya ya gane wacce ce a gabansa ba, wahala kawai zai sha.

Ganewar ba wuya. Ka duba farkon bidiyon, ka duba tsakiya, ka duba ƙarshe. A kowane wuri ka nemi sauti mai kaifi da ido ke ganin tushensa: tafi, ko gula ta sauka a kan ganga, ko ɗan dambe ya kai naushi, ko mai magana ya haɗe leɓɓansa a kan harafin ba ko ma. In tazarar iri ɗaya ce a wuri ukun, ta farko ce. In a tsakiya rabin ta ƙarshe ce, ta biyu ce. In kuwa tana nan daidai na ɗan lokaci sannan ta yi tsalle, ta uku ce. Amma a kula, kada a yi awo da bindigar da aka harba can nesa a filin hawa. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a sakan, don haka bindigar da ke nisan mita 100 dole a ga hayaƙinta kusan sulusin sakan kafin a ji ta, ko da kaset ɗin lafiyarsa ƙalau. A nemi abin da ya faru kusa da kyamara.

Kafin ma a zargi aikin, a gwada shi a wata na'urar. Tsohuwar kwamfuta mai nauyi takan kasa jan hoto, lasifikar Bluetooth kuma tana da nata jinkirin. Manhajar VLC tana da maɓallan J da K, kowane dannawa na matsar da sauti da kashi 50 cikin 1,000 na sakan, gaba ko baya. Wannan na taimakawa wajen auna tazara, amma gyaran kallo ne kawai, bai shiga cikin fayil ɗin ba.

Cuta ta farko ba ta da wani dogon bayani. A manhajar tacewa, Adobe Premiere ce ko wata, ka raba layin sauti da na hoto, ka ja sautin har tsinin tafin ya hau kan hoton da tafuka suka haɗu. Shi ke nan.

Ta biyu ita ce ke rikita mutane, don ko ka daidaita farko, ƙarshe zai kuɓuce. Tushenta lissafi ne da bai zo ɗaya ba. Kyamarar MiniDV tana iya ɗaukar sauti iri biyu, mai awo 48,000 ko mai awo 32,000, kuma da yawa daga cikinsu a kan na 32,000 suke fitowa daga kamfani. Faifan CD kuwa 44,100 ne. In manhaja ta ɗauki sautin 44,100 a matsayin 48,000, cikin awa ɗaya zai riga hoto da kusan minti 5, muryar dattijo ta sirance. Wannan kowa zai gane. Mai wuyar ita ce ƙarama. Kyamarorin gida ba su ɗaure agogon sauti da na hoto tamau ba, sai ka samu wadda maimakon 48,000 tana yin 48,009. Tara kacal, amma a awa ɗaya ta tara kashi biyu cikin uku na sakan. Haka nan kyamarorin gwanjo da suka zo daga Amurka ko Japan, tsarin NTSC gare su, hotuna 29.97 a sakan. Wanda ya cike lissafi ya ce 30 ne, ya jawo wa kansa saɓanin sakan 3.6 a kowace awa. Manhajar MediaInfo kyauta ce, tana faɗa maka ainihin lissafin da ke cikin fayil, sai ka saita aikinka a kansa tun kafin ka fara.

In an riga an juye, kaset ɗin kuma ba ya kusa, ga yadda ake yi. Ka daidaita farkon da tafi ɗaya. Ka tafi ƙarshe ka auna tazarar. A ce bidiyon awa ɗaya ne, wato sakan 3,600, kuma a ƙarshe murya ta riga baki da sakan 2. Ma'ana sautin ya gajarta, tsawonsa 3,598 ne. Sai ka fitar da shi zuwa Audacity, ita ma kyauta ce, ka shiga wurin sauya saurin sauti, ka rubuta masa sabon tsawo 3,600, ka dawo da shi ƙarƙashin hoton. Miƙewar ba ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 ba, babu kunnen da zai ji muryar ta sauya. Sannan ka koma tsakiya ka tabbatar. Hanyar nan ita ce kuma maganin wanda ya ɗauki hoto da kyamara, ya ɗauki sauti daban da waya daga na'urar lasifika, kamar yadda ake yi wajen wa'azi da taron siyasa. Na'ura biyu, agogo biyu, dole su saɓa in tafiya ta yi tsawo.

Wane irin daidaito ake nema? Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta auna cewa mai kallo na fara tsarguwa in murya ta riga hoto da kashi 45 cikin 1,000 na sakan, amma in makara ta yi sai ta kai kashi 125. A lissafinmu na hotuna 25, wajen hoto ɗaya ke nan a gaba, uku a baya. Dalili kuwa a fili yake: tun muna yara mun saba ganin taɓarya ta sauka a turmi can ƙarshen unguwa kafin mu ji dakan, amma ba mu taɓa jin daka kafin taɓarya ta sauka ba. Don haka in ba za a samu daidai cif ba, gara murya ta ɗan makara da ta riga.

Cuta ta uku ita ce mafi yawa a shagunanmu, kuma ita ce ba ta gyaruwa da daɗi. Hotuna ne ke zubewa lokacin juyewa. Kowane hoto ɗaya da ya faɗi kashi 40 cikin 1,000 na sakan ne. In 25 suka faɗi sakan guda ya tafi, sautin kuwa bai rasa komai ba, sai hoto ya tsere masa. Abin da ya faru da liman da masu neman takalma ke nan. Galibi laifin ƙaramar na'urar USB ce mai araha, irin su EasyCap, wadda ake soka wa wayoyi uku, rawaya da fara da ja. Tsohon kaset ba ya tafiya sumul, ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu shekara 25. Duk inda hoto ya girgiza, ko inda mai ɗauka ya tsayar da kyamara ya sake tayarwa, na'urar sai ta rikice ta zubar da hotuna. Ana iya bi wuri-wuri a yanka a daidaita, amma aikin kwana da kwanaki ne. In kaset ɗin na nan, a sake juyewa ya fi.

A nan nake son masu shago su ba ni kunnensu sosai. Kaset ɗin MiniDV da Digital8 tun asali lissafin kwamfuta ne a cikinsu. Kada a bi da su ta wayar rawaya. A nemi wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, da kwamfutar tebur mai ramin, ko a saya mata katin a soka. Ta nan abin da ke kan kaset yake kwafuwa yadda yake, hoto da sauti a ɗaure tare, har da kwanan wata da lokacin da aka ɗauka in an saita agogon kyamarar. Wannan kwanan watan kaɗai ya isa dalili, don bayan shekara 30 gardama za a yi a kan shekarar da aka yi naɗin. Ƙaramar manhajar WinDV tana nuna maka adadin hotunan da suka zube, kuma tana raba fayil duk inda aka tsayar da ɗauka, wanda ke tsare ka daga kaset ɗin da aka fara da sautin 32,000 aka ƙarasa da 48,000. In adadin hotunan da suka zube ya wuce sifili, a sake.

Na VHS da Hi8 kuwa suna buƙatar abin da zai daidaita tafiyar hoton kafin ya shiga kwamfuta, na'urar da ake kira TBC. Tana da tsada, amma akwai dabara: da yawa daga kyamarorin Digital8 na Sony suna karanta kaset ɗin Hi8 da Video8 su fitar ta FireWire, wasu kyamarorin kuma ana iya shigar musu da hoton VHS ta baya su miƙa wa kwamfuta a daidaice. Irinsu na nan kwance a shagunan masu gyara ana ganin sun zama tarkace. Mai neman sana'ar nan da gaske ya neme su tun kafin su ƙare.

Sauran sharuɗɗan ƙanana ne amma su ke ɓata aiki. Awa ɗaya ta MiniDV na cin kimanin gigabait 13, don haka a juye cikin babban faifan kwamfutar, ba cikin filashi kai tsaye ba. Filashi ba shi da sauri, kuma da yawansu ba sa karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Kada a matse bidiyo zuwa MP4 a lokacin da ake juyewa, a bari sai an gama. A rufe duk wata manhaja, a cire intanet, kada a taɓa kwamfutar har kaset ya ƙare. A tabbatar da wuta, ko batiri ko sola, don janareta in ya shaƙe a minti na 40 an koma farko. Kafin a sa kaset a duba ta tagarsa, in akwai farin hunhuna kada a saka, zai ɓata kan na'urar ya shafa wa na bayansa. In lafiya yake, a tura shi har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya don zaren ya saki, a kuma rufe maɓallin hana gogewa.

'Yan uwanmu na Nijar, in kun kawo kaset ɗin da aka naɗa daga Tele Sahel kuka ga ya fito fari da baƙi a na'urar Najeriya, bai lalace ba. Tsarin SECAM ne, launinsa daban yake da namu, amma hotunansa 25 ne a sakan kamar namu, don haka ba ya kawo saɓanin murya. Na'urar da ke karanta tsari da yawa ake nema masa.

Bidiyon waya ma yana da tasa, tunda yau da ita ake ɗaukar komai. Waya kan rage yawan hotuna in haske ya yi ƙasa, ta ƙara in ya dawo, wasu manhajojin tacewa kuma ba sa jure wannan. A fara bi da shi ta HandBrake a zaɓi yawan hotuna tsayayye, sannan a tace.

Ina kira ga fadojinmu na Isa da Sabon Birni da Tsibiri, da ƙungiyoyin Gobirawa na gida da waje, su sa a tattara kasakasan naɗe-naɗe da hirarrakin dattawa, a fara da mafi tsufa, a juye su a hannun wanda ya iya. A yi kwafi biyu a ajiye a gari biyu, a kai ɗaya inda aka tanada don irin wannan, kamar Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A rubuta sunan taro da wuri da shekara da mutanen da ke ciki tun masu gane fuskokin suna raye. Kwafin da aka tura ta WhatsApp na zumunci ne, an matse shi ya rage kyau, ba shi ne ajiya ba.

Ku kuma iyayena da yayyena masu kai aiki, kada ku bar wa mai shago kaset ɗinku bayan an gama, kada kuma ku ba yara su warware zaren. Ku ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da lasifika da danshin damina, don in an sami na'ura mafi kyau gobe a sake juyewa. Ku faɗa masa tun farko ba ku son a ɗora waƙa, muryar da ke ciki kuke so ko da tana da ƙara. Ranar karɓa kuma, kafin ku biya, kada ku tsaya a minti biyar na farko. Ku ce ya kai ku minti biyar na ƙarshe, ku sa ido a bakin mai magana.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda ke gudun hijira gidajensu.